Ƙuri'u 342 da Ma'aunin Adalci

A zaɓen gwamnan Jihar Sakkwato na 2019, ƙuri'u 342 kacal suka raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu. Tazara irin wannan tana iya hargitsa gari. Sai dai rigimar ta nufi kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, wadda tsarin mulki ya ƙayyade wa kwana 180 ta yanke hukunci.

Shin adalcin da aka gindaya wa wa'adi cikakke ne? Kwana 21 ake bai wa mai ƙorafi ya shigar da ƙara, alhali tattara hujjoji daga dubban rumfunan zaɓe na bukatar natsuwa. Gaskiya na iya makara. Amma jinkiri ma zalunci ne, domin idan shari'a ta ci shekara huɗu, mulkin da ake jayayya a kansa ya ƙare, mai haƙƙi ya tashi a tutar babu.

Kotun ta kori ƙarar Aliyu, Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Tambuwal a Janairun 2020. Aliyu ya jira zaɓen 2023, ya lashe. Darajar irin wannan kotu tana cikin yardar wanda ya sha kaye, kuma alƙalin da ya sayar da hukunci, wannan yarda yake sayarwa.