Rabo ko Ƙoƙari: Zakarun Ƙwallo a Abidjan da Tambayar Ƙaddara

Jerin zakarun gasar ƙwallon ƙafa ta Kwaddebuwa tun bayan samun 'yancin kai a 1960 tarihi ne na hawa da sauka. Onze Frères ta Grand-Bassam ce ta buɗe shi, sai Stade d'Abidjan ta mamaye shekarun 1960 da kofi 5, har ta ɗauko kofin zakarun Afirka a 1966. Stella Club d'Adjamé, mai rigar kore da fari, ta ci gasar a 1979 da 1981 da 1984, ta kuma doke Simba ta Tanzaniya ta ɗauki kofin CAF a 1993. Sauran shekarun galibi an raba su ne tsakanin Africa Sports da ASEC Mimosas, wadda ta kai kofi 29 a 2023. Daga 2012 baƙin fuskoki suka kutso: Séwé Sport ta San-Pédro sau 3 a jere, AS Tanda sau 2. Africa Sports ta faɗa rukuni na biyu a 2021, Stade kuwa ta koma kan karaga a 2025, bayan shekara 56 tana jira.

A teburan masu shayi na Adjamé Liberté, inda motocin gbaka ke zubar da fasinja, Hausawa 'yan kasuwa na Nijar da Najeriya kan fassara wannan jeri da maganganu biyu. Wani ya ce rabo ne, rabon kwaɗo kuwa ba ya hawa sama. Wani ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, wanda ya yi shiri shi ya ci. Musun ya girmi ƙwallo nesa ba kusa ba. Shi ne tambayar da malaman tauhidi suka daɗe suna tattaunawa: ina iyakar aikin bawa, idan komai da ƙaddarar Allah yake faruwa?

Masu cewa ƙoƙari ne suna da hujja mai ƙarfi a tarihin ASEC. Roger Ouégnin ya karɓi shugabancinta a 1989, daga wannan shekara zuwa 1994 ta buga wasa 108 na gasar ƙasa ba a doke ta ba. A 1994 aka buɗe makarantar horar da yara ta MimoSifcom tare da Bafaranshe Jean-Marc Guillou. A 1998 ƙungiyar ta ci kofin zakarun Afirka, a Fabrairun 1999 kuma samarin makarantar, yawancinsu ba su kai shekara 20 ba, suka lallasa Espérance ta Tunis da ci 3 da 1. Daga wannan makaranta Kolo Touré da Yaya Touré da Didier Zokora da Salomon Kalou suka fito. Sa'a tana iya ba mutum wasa ɗaya, amma ba ta ba shi kofi 7 a jere kamar yadda ASEC ta yi daga 2000 zuwa 2006. A nan sababi a fili yake: kuɗi, tsari, horo da shugabancin da ya zauna daram.

Masu cewa rabo ne su ma ba su rasa abin faɗa ba, sai dai hujjarsu tana wasan rana ɗaya. A gasar kofin Afirka ta 2012 ƙungiyar ƙasa, Giwayen Kwaddebuwa, ta kai wasan ƙarshe ba a zura mata ƙwallo ko ɗaya ba, Didier Drogba ya ɓarar da fanareti, Zambiya ta tafi da kofi a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A wasan ƙarshe na 2015 ma an kai bugun daga kai sai mai tsaron gida, Giwayen suka zubar da bugunsu biyu na farko a gaban Ghana. Mai tsaron gida Boubacar Barry, wanda ya shiga wasan saboda na farko ya ji rauni, ya tare bugun takwaransa na Ghana, ya tashi ya buga na ƙarshe da kansa, aka tashi 9 da 8. A 2024 Equatorial Guinea ta ci su 4 da nema a gida, aka sallami koci Jean-Louis Gasset. Nasarar da Maroko ta yi kan Zambiya ce ta tsallakar da su zuwa zagaye na gaba, ƙarshe suka doke Najeriya 2 da 1 a Ebimpé ƙarƙashin sabon koci Emerse Faé.

Ilimin tauhidi ya san ɓangarorin nan biyu tun ƙarnonin farko na Musulunci. Jabariyya sun ce bawa tilasta shi ake yi, ba shi da zaɓi. Ƙadariyya da Mu'utazilawa sun ce bawa ne ke samar da aikinsa. Mazhabar Abul Hasan al-Ash'ari, wadda ta yaɗu a zaurukan karatu na Afirka ta Yamma ta hanyar littattafan Imam Sanusi, ta bi tsakiya: Allah ne mai halittar aiki da sakamakonsa, bawa kuma yana da niyya da zaɓi, a kansu ake yi masa hisabi. Manomi shi ke huɗa da shuka, ruwan sama ba a hannunsa yake ba, wanda bai shuka ba kuwa ko damina ta yi kyau ba abin da zai girba. A wannan fahimta, makarantar ASEC da tashin Barry daga benci duk cikin ƙaddara suke. Bambancin shi ne na farko abu ne da aka ɗora wa mutum ya yi, na biyu kuwa ba a tambayarsa a kansa.

Inda tunani ke karkacewa shi ne lokacin da jira ya yi tsawo, sai a nemi dalili a camfi. Wasan besbol na Amurka, wanda ake dukan ƙwallo da kulki, ya shahara da wannan. Tun fara gasar World Series a 1903 New York Yankees ta ci kofi 27. Boston Red Sox ta yi shekara 86 ba kofi, daga 1918 zuwa 2004, aka ce la'anar sayar da ɗan wasanta Babe Ruth ga Yankees ce. Chicago Cubs ta jira daga 1908 zuwa 2016, aka ɗora laifin a kan bakin wani mai akuya da aka kora daga fili a 1945. Amma mutum ɗaya, Theo Epstein, shi ne ya tsara ƙungiyoyin biyu lokacin da kowace ta ci, ta hanyar zaɓen 'yan wasa da nazarin alƙaluma. Kwaddebuwa ma tana da irin nata labarin. An ruwaito cewa bokayen ƙauyen Akradio sun yi ƙorafin ba a sallame su ba bayan Giwayen sun ci kofin Afirka a 1992, har wani minista ya je ba su haƙuri a 2002. Duk da haka Giwayen sun sha kashi a wasan ƙarshe a 2006 da 2012. Malamai na ƙin wannan hanya ta fuska biyu: tana jingina iko ga wanin Allah, tana kuma kawar da ido daga sababin gaskiya da za a iya gyarawa.

Saura tambaya guda: in ɓangarori biyu duk sun yi addu'a, cin ɗaya yana nufin Allah ya fi son sa? Amsar malamai ita ce a'a. Musulmi sun yi nasara a Badar, sun sha wuya a Uhudu, Suratu Ali Imrana kuma ta bayyana cewa ana jujjuya irin waɗannan ranaku tsakanin mutane domin jarrabawa. Nasarar duniya ba shaidar yarda ba ce, faɗuwa ma ba alamar fushi ba ce. Don haka tawakkali yana da tsari: riƙon sababi kafin wasa, godiya ko haƙuri bayansa, sannan binciken kuskure ba tare da fakewa da ƙaddara ba. Ƙungiyar da ta daɗe ba ta ga kofin gasar ƙasa ba, kamar Stella tun 1984, abin da ke wuyanta shi ne horo da kuɗi da shugabanci. Shekarar da kofin zai zo ba ta cikin abin da aka ɗora mata.