Ayar Allah Cikin Mazari da Jemage

Suratul An'ami, aya ta 38, ta bayyana cewa dabbobi da masu tashi da fikafikai al'ummomi ne kamar mutane. Mazari cikin ruwa yake ƙyanƙyashewa, da rana yake farautar sauro a bakin madatsar Mairuwa. Ƙaramin jemage kuwa haihuwa yake yi ya shayar, da dare yake kame ƙwarin da ke ɓata auduga da masara a gonakin Funtuwa da Malumfashi. Wannan ya tashi daga aiki, wancan ya karɓa, ba ko sisin manomi. To, wanda ya wanke tankin feshi cikin rafi, ko ya sare kukar da jemagu ke wuni a kogonta, ya kori ma'aikatan da Ubangiji Ya hore masa. Allah ba Ya son ɓarna. Allah Ya sa a gane, amin.