Gwanjon intanet da neman arha: nasiha ga masu ƙaramin jari

 

Ya ku ƴan'uwa musulmi, samarinmu da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sun shiga wani sabon fatauci. Suna sayen kaya da arha, su ɗauki hotonsu da salula, su sa a Facebook ko WhatsApp, wanda tayinsa ya fi shi ke ɗauka. Abin da ke damun mai farawa shi ne inda zai samu kaya masu sauƙin kuɗi.

Mu sani cewa gwanjo halal ne, malamai suna kiransa bai'ul muzayada. Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas (R.A.) cewa wani mutum daga cikin Ansaru ya zo roƙo wurin Manzon Allah (S.A.W.), sai ya umurce shi ya kawo abin da ke gidansa, wato shimfiɗa guda da akushin shan ruwa. Annabi ya yi gwanjonsu da hannunsa mai albarka. Wani ya taya dirhami 1, wani ya ba da 2, aka sallama masa. Dirhami guda ya tafi ga abincin iyali, guda ga gatari, bayan kwana 15 mutumin ya komo da dirhami 10 na itace da ya sayar. Ku lura, jarin nan daga ɗakinsa ya fito, ba daga bashi mai ruwa ba.

Saboda haka mai farawa ya duba gidansa tukuna. Daga nan ya nemi kwantan manyan ƴan kasuwa, waɗanda sukan karya farashi don su kwashe rumfa. Mutum uku ko huɗu suna iya haɗa ƴan jikkunansu su fasa dilar bosho guda. Wanda wani Alhaji ya ba shi jari kuwa, su yi ƙiradi: a raba riba da rabi ko sulusi, ba a yanke wa mai jari wani adadin kuɗi tun farko.

To amma kowace arha tana da dalili, wajibi ne mu tambaye shi. Salular da darajarta ta kai jikka 80, yaro ya kawo ta a jikka 15, ba kwali, ba takarda, yana waige-waige, mun san abin da zuciya ke faɗa mana. Wanda ya sayi kayan sata yana sane ya yi tarayya da ɓarawo, kuma mai kaya yana da ikon karɓe abinsa. Haka nan tare baƙauye a hanya a saye kayansa kafin ya ji farashin kasuwa, Annabi ya hana.

Wajen sayarwa, babbar masifa ita ce najashu: mutum ya ƙara tayi ba don ya saya ba, sai don ya ruɗi wani. A da sai an haɗa baki da dillali. Yau mutum ɗaya kan buɗe suna uku a salula yana taya kayansa da kansa, yana ganin wayo ne. Ƙara tayi na gaskiya kam ba laifi. Imamu Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa hanin taya a kan tayin ɗan'uwa yana farawa ne idan mai kaya ya karkata ga mai saye suna gab da ƙulla ciniki.

Akwai kuma masu sa hoton kayan da ke rumfar wani, in an taya su ruga su sayo. Wannan sayar da abin da ba a mallaka ba ne. Mafita ita ce a nemi izinin mai kaya a zama dillalinsa da lada sananne. In kuwa abinci ne da aka saya da awo, gero ko shinkafa, kada a sayar sai an karɓe shi a hannu. Hoto ma shaida ne: in riga tana da ƙuna, a ɗauki wurin ƙunar, a faɗa da baki, domin mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa.