Hawan Tudu da Maraicen Bazara: Ɓata Lokaci ne ko Tafakkuri?

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a ƙasarmu ta Damargu, idan aka ga magidanci ya nufi tudu bayan La'asar, ba kiwo ya tafi ba, ba cigiyar akuya yake yi ba, sai a fara tambaya ko lafiya. Mun saba auna kowace tafiya da abin da aka komo da shi a hannu. To, shin tafiyar da ba ta kawo riba ɓata lokaci ce?

Amsa ita ce a'a, matuƙar mai tafiyar ya tafi da zuciyarsa. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana hawa dutse zuwa kogon Hira kafin a aiko shi, kuma Alƙur'ani ya yi umurni a wurare da yawa da a yi tafiya a bayan ƙasa domin a ɗauki izina.

Wanda ya hau tudu a Tanut da maraicen bazara, zai fara hangen titin da ya taso daga Damagaram zuwa Agadas. Ta wannan ƙasa ayarin Tarabulus yake ratsawa a dā. Bature Barth ya wuce ta nan a shekarar 1851, ya iske Damargu ita ce rumbun hatsin Abzin. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fataucin hamada ya durƙushe. Ina madugai, ina dukiyarsu? Ƙasar kuwa tana nan, ta koma hannun wasu.

Abu na biyu da zai gani ya fi wannan nauyi. Bazara ita ce lokacin sharar gona, kuma a lokacin ne manomi yake ƙara taki biyu cikin burtali, yana cewa ai ba kome ba ne. Daga ƙasa taki biyu ne. Daga bisa tudu kuwa, sai a ga taki biyun kowa sun haɗu, burtali ya koma kamar zare. Idan damina ta sauka, garken da ya taso daga fadamar Tarka ta wajen Belbeji ya rasa hanya, sai ya auka gona, sanda ta fito, jini ya zuba. Makiyayin da ya saki dabbobinsa cikin shuka da gangan, shi ma azzalumi ne.

Hukuma ta shata iyakar noma ta arewa a 1961, ta kuma kafa dokar karkara a 1993, amma takarda ba ta tsare abin da zuciya ba ta tsare ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kansu. Farin 1973 da na 1984 kuwa bai bambanta mai hauya da mai sanda ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin ka sa gatari a iyakarka bana, hau tudu sau ɗaya, ka dubi gonarka tare da haƙƙin maƙwabcinka, sa'an nan ka sauko kafin kiran Magariba. Idan ka ci burtali, mayar da shi tun ruwa bai sauka ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa.