Darajar Yaro Guda: Ko Daidai Ne a Kashe Dukiya Domin Ciwon 'Yan Kaɗan?

Manomin da ya binne ɗansa a Gidan Waya saboda zazzaɓin cizon sauro, da uwar da ta kwana a tsaye a babban asibitin Kafanchan tana neman jinin da za a ƙara wa 'yarta mai sikila, idan suka ji cewa masana a Turai da Amurka sun shafe shekaru masu yawa suna kashe miliyoyin daloli a kan wani ciwon fata wanda mutum zai iya tsufa bai taɓa ganin mai shi ba, suna da ikon su tambaya: ashe wannan adalci ne? Tambayar tana da nauyi, domin waɗanda suke yin ta sun ɗanɗana rashi. Ta cancanci amsa ta gaskiya, kuma amsar ta shafi yadda kowane gida yake auna darajar mutum.

Wane irin ciwo ne?

Likitoci suna kiransa epidamolisis bulosa, a taƙaice EB, sunan da wani likita Bajamushe, Heinrich Köbner, ya raɗa masa a shekara ta 1886. Fatar mutum hawa-hawa ce, kamar yaɓen da ke manne da bango, kuma akwai waɗansu sinadarai na jiki da ke riƙe hawan sama da na ƙasa. A jikin mai wannan ciwo, ɗaya daga cikin sinadaran nan ya ɓace ko ya fito da rauni tun yaron yana ciki. Saboda haka 'yar gogayya kaɗan ta isa ta sa fatarsa ta yi bororo kamar ta wanda ruwan zafi ya ƙona, ta saɓule ta bar ɗanyen nama. Ɗinkin riga yakan ji masa rauni. Majanyin goyo yakan ji masa rauni. Har hannun uwar da ta ɗaga shi da ƙauna yakan bar masa miki. Shi ya sa a ƙasashe da dama ake kamanta fatar irin waɗannan yara da fiffiken malam-buɗe-littafi.

Ciwon ya kasu manyan kashi huɗu. Akwai mai sauƙi, wanda yakan tsaya a tafin hannu da na ƙafa, mutum ya yi ta fama da shi har tsufa. Akwai kuma mai tsanani, wanda yakan kai cikin baki da maƙogwaro har haɗiye abinci ya zama azaba, tabo ya haɗe yatsu su zama dunƙule, daga baya kansar fata ta biyo baya tun mutum yana cikin ƙuruciya. Waɗansu jariran ba sa cika shekara guda. An ƙiyasta cewa cikin haihuwa 50,000 ana samun kamar ɗaya, kuma masu ɗauke da shi a duniya duka sun kai kimanin 500,000.

Ciwo ne na gado, ba a ɗaukarsa ta taɓawa ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Mafi tsananinsa yana bin hanyar da sikila take bi: uba da uwa lafiyayyu ne, amma kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gado mai rauni bai sani ba, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu yaron ya haɗa biyun. Gwajin jinin da ikkilisiyoyi da yawa suke nema kafin ɗaurin aure ba ya nuna shi.

Abin da bincike ya kawo

Kusan shekara ɗari bayan an raɗa masa suna, ba abin da likita zai iya yi sai wanke miki da ɗaure shi. A shekara ta 1978 wata uwa a Ingila, Phyllis Hilton, wadda 'yarta take fama da ciwon, ta haɗa kan iyaye irinta suka kafa ƙungiyar DEBRA, suka shiga tara kuɗi domin bincike. Daga farkon shekarun 1990 masana suka soma gano ƙwayoyin gadon da ke jawo kowane kashi na ciwon.

A shekara ta 2015 aka kawo wani yaro ɗan shekara 7, ɗan gudun hijira daga Siriya, asibitin birnin Bokum a Jamus. Ya rasa fiye da rabin fatar jikinsa, ƙwayoyin cuta sun shiga mikin, likitoci sun kusa fid da rai. Sai suka yanki 'yar fata kaɗan daga inda ta rage, suka aika wa Farfesa Michele De Luca a birnin Modena na Italiya. A can aka sa wa ƙwayoyin fatar lafiyayyiyar ƙwayar gado, aka rene su har suka zama shimfiɗaɗɗun fatu, aka dawo da su aka dasa masa a kimanin kashi 80 cikin 100 na jikinsa. A farkon 2016 aka sallame shi, ya koma makaranta, har yana buga ƙwallo. An buga sakamakon aikin a shekara ta 2017.

A watan Mayu na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Vyjuvek, wani man shafawa da ake ɗigawa a kan miki, wanda ke kai wa fata ƙwayar gadon da ta rasa. A ƙarshen wannan shekara ta amince da Filsuvez, wanda aka haɗa daga ɓawon wani itace na ƙasashen sanyi. A watan Afrilu na 2025 kuma aka amince da Zevaskyn, wato dashen fatar mai ciwon da kansa bayan an gyara ta. Babu ɗaya cikinsu da ke kawar da ciwon daga jiki gaba ɗaya, amma mikin da ya yi shekaru a buɗe yana iya rufewa.

Hujjar masu ƙidaya

Masu sukar wannan aiki suna da hujja mai ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro ya kashe kusan mutum 600,000 a shekara ta 2023, kuma kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗannan a Najeriya suke. A nan ƙasar ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara. A ɗaya gefen, an ƙiyasta kuɗin Vyjuvek fiye da dala 600,000 a shekara ga mutum guda, Zevaskyn kuma an sa masa farashin dala miliyan 3.1. Da wannan kuɗi, in ji su, gidan sauro nawa za a raba daga Godogodo zuwa Kagoro? Magidanci mai buhun masara guda da 'ya'ya takwas ba zai juye wa ɗaya duka ba.

A wajen rabon abin da ke hannu, gaskiyarsu. Gwamnatin da ta bar asibitocin karkara ba maganin zazzaɓi ta je sayen magani mai tsada domin mutum biyu ta yi laifi. Ƙidaya tana da amfani, domin ita ce ke hana mai iko ya fifita wanda ya sani a kan dubun da bai sani ba.

Inda ƙidaya ta gaza

Amma ƙidaya tana nuna abin da za a fara yi ne kawai. Ba ta da ikon yanke hukuncin wanda za a manta da shi. Idan aka ce ciwon da ya kama mutane kaɗan bai cancanci a neme masa magani ba, to an yanke wa mai shi hukunci na har abada, gama ba ranar da zai zama cikin masu rinjaye. Ga uwar da take canza wa ɗanta bandeji na awa biyu kowace rana yana kuka, ciwon ba ɗaya cikin 50,000 ba ne, shi ne dukan rayuwar gidanta. Ruwan da ya daki mutum shi ne ruwa. Misalin makiyayin da ya bar tumaki tasa'in da tara ya bi sawun guda ɗaya, a cikin Luka sura 15, sananne ne ga kowane ɗan makarantar Lahadi, kuma ba wanda ya taɓa karanta shi ya ce makiyayin bai iya lissafi ba.

Ban da haka, kalmar nan “kaɗan” tana ruɗi. Cututtukan da ba a cika gani ba sun kai iri dubbai, kuma idan aka haɗa masu fama da su an ƙiyasta sun kai mutum miliyan 300. Sikila kanta, wadda ta cika gidaje a ƙasar nan, a Amurka cikin cututtukan 'yan kaɗan ake lissafa ta. Da masanan can sun bi dokar ƙidaya kaɗai, da ba su waiwaye ta ba. Sai ga shi a ƙarshen 2023 an amince da Casgevy, maganin sikila na gyaran ƙwayar gado. Wanda ya ce a rufe ƙofa ga mai EB, hujjarsa ce za a yi amfani da ita a rufe wa ɗansa mai sikila. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ilimi kuma ba ya tsayawa inda aka haife shi. Dabarar renon fata da ta ceci yaron nan a Jamus an fara ta ne domin waɗanda gobara ta ƙona. Aikin da aka yi a kansa kuma ya nuna wa masana cewa waɗansu 'yan ƙwayoyi kaɗan masu tsawon rai su ne suke sabunta fatar ɗan adam, sanin da zai amfani masu jinyar ƙuna da miki ko'ina. Duk da haka bai kamata a jingina darajar yaron a kan wannan amfani ba. Ko da aikin bai koya wa kowa kome ba, ya cancanci a yi shi, domin mutum ne yake kwance.

Laifin da ya rage

Inda ƙorafin manomin Gidan Waya yake da cikakkiyar gaskiya shi ne wajen farashi. Casgevy an sa masa dala miliyan 2.2, alhali mafi yawan masu sikila a Afirka suke. Maganin da aka samo amma mai ciwo ba zai taɓa ganinsa ba ya zama kamar rijiyar da aka haƙa aka kulle bakinta. Kamfanoni suna cewa bincike yana cin kuɗi, masu saye kuma kaɗan ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma duniya ta riga ta ga yadda magungunan ƙanjamau, waɗanda a dā suka fi ƙarfin talaka, suka sauko har ana raba su kyauta a asibitocin ƙasar nan, bayan mutane sun ƙi yin shiru. Saboda haka abin nema shi ne a buɗe rijiyar, ba a daina haƙa ba.

Abin da ke hannun iyalai

Akwai kuma wani ɓangare na binciken wanda ba ya bukatar dala, wato sanin yadda ake riƙon irin wannan yaro. A al'ada, kaka ko surukuwa takan yi wa jariri wanka da soso da ruwan zafi, ta gasa masa cibiya, ta murza gaɓoɓinsa domin ya yi ƙarfi. Ga jariri mai EB, wannan ƙauna tana iya zama ajalinsa. Idan aka ga fatar jariri tana bororo ko tana saɓulewa ba tare da ƙuna ba, a dakatar da soso da gashi, a kai shi asibiti, a kuma nemi a tura shi wurin likitan fata ko na yara a asibitin koyarwa na Jos, Kaduna ko Zariya. Ba a ɗaga shi ta hammata. Ana tallafe shi ne da hannu ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, ɗaya a bayan wuya, a kan mayafi mai taushi. Ba a manna masa filasta. Ana rufe mikin da bandeji mai man basilin wanda ba ya kama fata, a sa masa tufafi masu laushi a juye domin ɗinkin ya koma waje, a kiyaye shi daga zafi, a ba shi abinci mai gina jiki. Ma'aikacin lafiya zai koya wa iyaye yadda ake huda bororon da allura mai tsabta kafin ya yaɗu. Allurar rigakafi kuma ba a fasa ta.

Abu mafi wuya shi ne riƙe harshe. Inda aka haifi yaro da ciwon da ba a san shi ba, nan da nan akan fara neman mai laifi: a ce maita ce, ko la'ana, ko wani zunubi da uwar ta ɓoye. Sau da yawa macen ce take ɗaukar nauyin zargin ita kaɗai, har a kore ta daga gidan miji. Rashin sani ya fi dare duhu. Bincike ya nuna cewa a mafi tsananin ciwon uba da uwa daidai suka ba da gadon, kuma ba ɗayansu da ya zaɓa. Labarin mutumin da aka haifa makaho a cikin Yohanna sura 9 ya riga ya hana masu bi ɗora laifin irin wannan a kan yaro ko iyayensa.

Iyalin da ke da irin wannan yaro suna bukatar abubuwa ƙanana amma kullum: wadda za ta riƙe hannun yaron a lokacin canza bandeji, wanda zai biya kuɗin mota zuwa Jos, wadda za ta zauna da shi domin uwar ta samu barci, malamin da zai karɓe shi a aji ya kuma gaya wa sauran yara cewa ba a ɗaukar ciwon. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata da ta matasa sun saba haɗa kai domin biki da jana'iza. Jinyar da ke ɗaukar shekaru ita ce ta fi bukatarsu.

Masanin da ya ba da shekarunsa domin ciwon 'yan kaɗan, da maƙwabciyar da ta ba da yammacinta domin yaro guda, amsa ɗaya suka bayar ga tambayar da aka fara da ita. Gidan da ya koyi wannan amsa ba zai tambayi mai ciwo ko su nawa ne irinsa ba kafin ya buɗe masa ƙofa.