"Baba, Zauna Ka Huta": Girmamawa Ce Ko Cutarwa?

A Zangon Agege da kewayensa, inda cinikin goro da shanu ya zaunar da 'yan Arewa tun zamanin kakanni, akwai al'ada mai kyau: ba a barin babba ya wahala. Da zarar likita ya ce uba yana da ciwon sukari, sai 'ya'ya su ƙara himma. A hana shi zuwa kasuwa, a tsayar masa da Keke Marwa ko da tafiyar ba ta wuce layi biyu ba, a kawo masa shayi da burodin Agege har inda yake zaune. Babu shakka ƙauna ce ta sa. Amma ƙaunar da take hana mutum abin da zai ba shi lafiya, ta cika ƙauna?

Mahalicci ya tsara jiki domin motsi. Sa'ad da tsokar ƙafa take aiki, takan janye sukari daga cikin jini ta ƙone shi, kuma jiki yakan ƙara jin insulin har kwana ɗaya ko fiye bayan an huta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya da ɗan sauri ta minti 30 sau biyar. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, a kan mutum fiye da 3,000 da suke gab da kamuwa da ciwon, ya nuna cewa motsa jiki da rage ƙiba sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, maganin metformin kuwa da kashi 31.

Saboda haka ɗan da ya ɗaure mahaifinsa a kujera ya kiyaye siffar girmamawa, ya saki ainihinta. Umarnin girmama iyaye bai tsaya ga faranta musu rai na yini ɗaya ba. Ya haɗa da neman tsawon kwanansu. Shi ma dattijo yana da nasa alhakin, gama jiki amana ne. Idan yana ganin tafiya a ƙasa zubar da mutunci ce a idon maƙwabta, sai ya tuna cewa fataken da suka kai Gwanja neman goro da ƙafa suka je, ba wanda ya raina su.

Tsoron 'ya'ya kuma ba na banza ba ne. Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide sukarinsa yana iya faɗuwa a hanya, ya ji rawar jiki, gumi da jiri. Mai ciwon da ƙafarsa ta daina ji yana iya taka ƙusa bai sani ba. Maganin wannan shi ne rakiya: a nemi shawarar likita tukuna, a sa masa takalmi rufaffe, a riƙe alewa a aljihu, a duba tafin ƙafarsa kowane dare.

Kawo abinci aikin minti biyu ne. Fita tare da Baba bayan tuwon dare yana cin lokaci da haƙuri, musamman ga wanda ya yini cikin cunkoson Legas. A nan ake gane ƙauna ta gaskiya. Ubangiji ya ba iyalai hikimar cewa, "Baba, tashi mu taka."