Alkaki Ɗaya da Littafin Lissafi



Bayan Misar wata Lahadi, wata uwa daga cikin Zumuntar Mata ta tsayar da mu a ƙofar majami'a, ta buɗe jakarta, ta fito da wani ɗan littafi irin na 'yan makaranta. Malama ce, aikin koyarwa ya kai ta Bodinga, shekarunta kuwa sun haura hamsin. Likita ya gaya mata cewa hawan jininta da ciwon gwiwarta ba za su lafa ba sai ta rage ƙiba, ya kuma yanka mata iyakar abin da za ta ci a yini. Tun daga ranar take rubuta duk abin da ya shiga bakinta, tuwo da miya, kunu da ƙosai, har cokalin sukarin da ta zuba a shayi. Kowace yamma kuma takan bar gurbi a ƙasan shafi domin alkaki guda ɗaya. Lissafi bai taɓa wuce iyaka ba, nauyinta yana sauka, amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ta ce mana, "Fada, ku gaya mini gaskiya. Wannan alkakin nawa, kamewa ce, ko kuwa kwaɗayi ne ya shiga makaranta ya koyi lissafi?"

Mun yi dariya, ita ma ta yi. Amma tambayar ta bi mu har gida, gama ba ita kaɗai take riƙe da irin wannan littafi ba. Ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa a cikinmu, waɗanda yininsu a zaune yake ƙarewa, sun ji irin wannan magana daga bakin likita.

Bari mu fara ba littafin haƙƙinsa. Abin da Malama take ƙirgawa ana kiransa kalori, wato ma'aunin ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Giram ɗaya na sukari ko na gari yana ba da kimanin kalori 4, giram ɗaya na mai kuwa 9, shi ya sa abin da aka soya yake cika shafi da sauri: babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. Mace baliga tana bukatar wajen kalori 2,000 a yini, namiji wajen 2,500, manomin da ya yini a fadama kuwa fiye da haka. Idan abin da ya shiga ya kasa abin da jiki ya ƙona, sai jiki ya taɓa ajiyarsa ta kitse. A wannan fanni jiki bai san sunan abinci ba. A shekarar 2010 wani farfesan ilmin abinci a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, Mark Haub, ya gwada wannan a jikinsa. Mako goma ya yi, yawancin cimarsa kek ne da biskit da makamantansu, sai dai bai yarda ya wuce kalori 1,800 a yini ba. Ya zubar da kimanin kilo 12. Ko da yake ya haɗa da ƙwayar bitamin da ɗan ganye, bai kuma ce kowa ya yi koyi da shi ba, gwajin ya nuna cewa kayan zaƙi da aka ƙirga ba sa hana nauyi sauka. Saboda haka, ta fuskar sikeli, alkakin Malama ba shi da laifi.

Akwai dai gargaɗi ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na cimar yini, wato kimanin giram 50, cokalin shayi 12. Lemon kwalba na rabin lita shi kaɗai yakan cinye wannan duka. Wanda kuma yake da ciwon sukari, maganar likitansa ce gaba da tamu a wannan batu.

To, amma ba sikeli Malama ta tambaya ba. Lamirinta ne ya tashe ta, kuma a nan ne littafin ya gaza.

Paparoma Girigori Babba, wanda ya rasu a shekara ta 604, ya koyar cewa haɗama tana shigar mutum ta ƙofa biyar. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ɗauki wannan koyarwa ya faɗaɗa ta. Toma kuwa ba baƙo ba ne a gare mu, gama ɗan ƙungiyar Dominikan ne, ƙungiyar da aka danƙa wa wannan yanki, wadda ta ba mu bishop na farko, Edward Lawton, a 1964. Bisa ga koyarwarsu, mutum yakan yi haɗama idan ya kasa jiran lokacin ci, ko ya nace sai mai tsada, ko ya ci fiye da kima, ko ya afka wa abinci da zari har ya manta da na kusa da shi, ko kuma ya cika tsirfa, sai an yi masa kaza, sai an sa masa kaza, in ba haka ba gida ya ɗau zafi. Ku duba da kyau, 'yan'uwa. Daga cikin ƙofofin nan biyar, guda ɗaya tak littafin lissafi yake iya tsarewa, wato ta yawan ci. Sauran huɗun a buɗe suke, littafin bai ma san da su ba.

Mun san mutumin da bai taɓa wuce adadinsa ba, amma tun yana cikin majami'a hankalinsa yana wurin mai tsire. Yakan ƙi karyawa da safe, ya ƙi cin abincin rana, ya yini yana faɗa da yara da abokan aiki saboda yunwa, duk domin ya tara gurbin da zai cika da balangu da lemo mai sanyi da dare, shi kaɗai, a cikin mota, kafin ya shiga gida. Shafinsa fes yake, likita zai yaba masa. Amma ciki ne yake mulkin yininsa tun daga asuba har kwanciya, iyalinsa kuwa su suke biyan harajin. Mun kuma san wadda lissafin kansa ya zame mata ubangiji: ba ta iya zama a kan tabarma ɗaya da mutane sai ta auna, sai ta tambayi mai girki cokali nawa ta zuba, har cin abinci tare da ita ya zama wahala. Wannan ita ce tsirfar da Girigori ya ambata, sai dai ta sake tufafi. Idan abin ya kai ga tsoron abinci da ramewa, to ya zama ciwo, sai a nemi likita da gaggawa, kada a tsaya yi mata wa'azi.

Kada kuwa wani ya ɗauka cewa maganin wannan shi ne a kori zaƙi daga gida gaba ɗaya. Toma ɗin nan dai ya koyar cewa ƙin duk wani jin daɗi da Allah ya sa a cikin abin da rai yake bukata, shi ma kuskure ne. Wanda ya halicci rake da zuma da dabino bai yi su domin ya ɗana mana tarko ba. Ikilisiya ma, wadda ta daɗe da sanin halin ɗan Adam, ba ta taɓa ɗora azumi ba tare da ta bar tagar shan iska ba. Kwana arba'in na Azumi ana ƙirga su ne ba tare da ranakun Lahadi ba. Dokar da muke bi a yau ta wajabta azumi a rana biyu kawai, Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau, ga waɗanda suka cika shekara 18 har su shiga ta 60, a ci cikakken abinci sau ɗaya, a ɗan taɓa kaɗan sau biyu. Waliyyi Benedik, tun a ƙarni na 6, ya auna wa 'yan zuhudunsa gurasar yini da abin sha, amma ya bar wa shugabansu ikon ƙarawa idan aiki ya yi tsanani, ya kuma sassauta wa tsofaffi da yara. Ashe awo tsohon abu ne a gidanmu, kuma tun farko da jinƙai aka haɗa shi. A ganinmu, wanda ya yarda wa kansa alkaki ɗaya kowace yamma ya fi kusa da jurewa shekara guda, a kan wanda ya rantse ba zai ƙara kallon zaƙi ba, ya yi mako biyu, sa'an nan ya zauna ya share faranti cikin dare yana zargin kansa.

Akwai wani wurin da littafin yakan jefa mu cikin tsaka mai wuya, mu da muke zaune a Bodinga da Shagari da sauran garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Tsiraru ne mu a cikin maƙwabta Musulmi, zumuncinmu da su kuwa a cikin kwano yake tafiya. A 2025 azuminsu ya kama ranar 1 ga Maris, namu ranar 5, muka yi kusan wata guda muna azumi kafaɗa da kafaɗa. Duk wanda ya zauna a waɗannan garuruwa ya san sallamar yaro da almuru, ɗauke da kunu da ƙosai, ya san masar Sallah da soyayyen naman layya, da nakiya da dubulan na biki, da furar da ake dama wa baƙo, wadda Sakkwatawa suke kira hura. To, ga kwano ya iso, shafin yau kuwa ya riga ya cika. Me za mu yi? Idan muka mayar da shi, mun tsare adadi, amma mun yanke wata igiya da ta fi adadi wuyar ɗaurawa, musamman a wannan zamani da ƙaramin rashin fahimta yakan zama babbar magana. Shawararmu ita ce a karɓa da hannu biyu, a ɗanɗana, a yi godiya, a rubuta a shafi ko da ya wuce, a raba sauran ga yara. Yini ɗaya ba ya gina ƙiba, kamar yadda yini ɗaya ba ya rushe ta. Mai ciwon da likita ya hana shi, sai ya faɗi gaskiya a fili, gama maƙwabci nagari ba ya fushi da uzurin ciwo.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mana nauyi. Wasunmu sukan jira lokacin Azumi su ce, ga dama ta samu, jifa ɗaya tsuntsu biyu: a sami lada, a kuma rage tumbi. Neman lafiya abu ne mai kyau, jiki amana ce, ba mu kuwa ce kowa ya ji kunyar hawa sikeli ba. Amma rage ci da azumi suna rabuwa a wuri guda, wato inda ragowar take zuwa. Paparoma Liyo Babba, a ƙarni na 5, ya sha yi wa mutanen Roma wa'azi cewa abin da mai azumi ya hana bakinsa ya kamata ya zama abincin matalauci. Idan kuɗin lemo da tsiren da muka bari sun koma aljihunmu, ko sun zama sabon yadi daidai da sabon ƙugu, to mun yi wa jikinmu hidima, amma kada mu kira shi azumi.

Wannan magana tana da kaifi a jiharmu. A shekarar 1980 wani ɗan garin Shagari, Shugaba Shehu Shagari, ya ƙaddamar da shirin bunƙasa noma domin ƙasar nan ta ciyar da kanta. Fiye da shekara arba'in bayan haka, akwai wani lissafin kalori da ake yi a asibitocinmu, wanda ya saba wa na Malama. Ku je inda ake jinyar yara masu tamowa, za ku ga uwa riƙe da wata 'yar leda tana matsa wa ɗanta a baki. Nauyin ledar giram 92 ne, a cikinta akwai kalori 500. An ƙirƙiro wannan abinci a Faransa a 1996, ya kuma yi suna a 2005 lokacin yunwar Nijar, musamman a yankin Maraɗi. Me ke cikinsa? Gyaɗa, sukari, mai, da madarar gari, tare da bitamin da sinadaran gina jiki. Wato kusan kayan da ake yin alewar gyaɗa da tuwon madara da su. Abin da muke gudu a matsayin kwaɗayi, shi ake auna wa wani yaro a matsayin magani, ana ƙirga leda bisa ga nauyinsa, ana addu'a allurar sikeli ta hau. Kwalba biyu da rabi na lemon rabin lita ma sun kai kalori 500, amma ba za su tayar da yaron ba. A Sakkwato kuma akwai asibitin yara masu cutar noma, cutar da take cin fuska, wadda rashin abinci mai gina jiki yake share wa hanya. Tsakanin ɗakin da ake ƙirga domin a rage da ɗakin da ake ƙirga domin a ƙara, sau da yawa katanga ɗaya ce.

Ba mu kawo wannan domin alkaki ya yi wa kowa ɗaci a baki ba. Yaron nan ba zai ƙaru da kome ba don Malama ta ci nata da baƙin ciki. Zai ƙaru ne idan mudun gyaɗa, ko waken soya, ko ƙwai biyu suka tsallaka katanga.

Da muka sake haɗuwa da Malama, mun ce mata ta ci gaba da littafinta, ta kuma ci alkakinta a zaune, a cikin mutane, bayan ta yi addu'ar godiya. Muka roƙe ta ta gwada abu biyu kafin Ista. Na farko, wata yamma ta bar gurbin nan a buɗe da gangan, ta ga ko za ta iya kwana lafiya ba tare da ta yi wa kowa tsawa ba. Na biyu, ta ja wani layi a gefen shafi, ta riƙa rubuta kuɗin abin da ta bari, da gidan da ya shiga. Ta daɗe tana duban littafin, sa'an nan ta ce na farkon ba zai ba ta wahala ba. Na biyun ne, in ji ta, zai sa ta shiga gidan da ke bayan nata, inda ta daɗe tana jin kukan wani yaro da dare ba ta taɓa tambayar abin da ke damunsa ba.